Baƙin Ciki Mai Daɗewa: Ire-irensa da Makomar Masu Fama da Shi



Mu Hausawa, in ciwo ya taɓa hankali, kalma ɗaya muke jefa masa, watau hauka. In kuwa bai kai haka ba, sai mu ce halin mutum ne. Wannan dunƙulewa tana da illa, domin sanin irin ciwo shi ne sanin inda zai kai mai shi. Tun a 1899 likitan nan na Jamus, Emil Kraepelin, ya rarrabe cututtukan hankali bisa ga yadda suke ƙarewa bayan shekaru.

To, baƙin cikin da ya kai shekara 2 bai saki mutum ba, masana sun kasa shi gida uku. Na farko mai sauƙi ne: mutum yana zuwa ofis, yana cin abinci, amma ba walwala, ba kuzari. Shi ne likitocin Amurka suka sa cikin kundinsu a 1980 da sunan distimiya. Na biyu mai tsanani ne, ya zo ya ƙi tafiya. Na uku kuwa, mai tsananin ne yake faɗowa a kan mai sauƙin. Keller da Shapiro suka kira shi mai ninki biyu a 1982.

Shin mai sauƙin nan, sauƙi ne da gaske? Daniel Klein da abokan aikinsa sun bi masu distimiya har shekara 10, suka buga sakamako a 2006. Sai bayan wata 52 rabinsu suka warke. Jimlar waɗanda suka warke kusan kashi 74 cikin 100 ne, amma an ƙiyasta ciwon yakan komo wa kashi 71 daga cikinsu. Waɗanda nasu ciwon yake zuwa ya wuce sun fi su samun lafiya. Tsakanin gidajen nan uku kuwa bambancin makoma kaɗan ne, shi ya sa aka haɗe su ƙarƙashin suna ɗaya a 2013. Ashe daɗewar ciwo ita ce abin tsoro, balle in ya fara kafin shekara 21.

Saboda haka, jama'a, ma'aikacin da kuke kira malalaci, da ɗalibin da ya shekara biyu bai yi dariya ba, a kai su ga likita. Wanda ya je kuma ya faɗi tun yaushe abin ya fara, gama ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In ya ji sauƙi, kada ya yar da magani sai likita ya ce.