Neman Mai Horad da 'Yan Ƙwallo: Jawabi ga Samarin Sabon Birni da Isa

An shirya wannan jawabi ne domin mutanen Sabon Birni da na Isa da ƙauyukan da ke kewaye da su, tun daga bakin gulbin Rima har iyakar ƙasar Nijar, musamman samari masu sha'awar ƙwallon ƙafa. Maƙasudinsa shi ne a yi bayani bisa wani al'amari da ya kan ta da hankalinsu kusan kowace shekara, watau neman mai horad da 'yan wasa, wanda a ke kira koci.

Cikin ƙungiyoyin ƙwallo na Arewa babu wadda sunanta ya kai nesa kamar Kano Pillars, wadda aka kafa a 1990. Saurayin da bai taɓa taka filin wasa na Sani Abacha ba, ya san labarinta ta rediyo da waya da gidan kallo. Saboda haka da zarar an ji cewa kocinta ya tafi, sai gardama ta kaure a majalisa da wurin mai shayi. Wani ya ce lalle sai an ɗauko Bature. Wani ya ce a'a, ɗan Kano ne kaɗai ya san ciwon ƙungiyar. Wani kuma ya rantse an riga an gama magana da wane, gama ya gani a waya.

To, kafin a yi nisa da gardama, ya kamata a duba abin da ya riga ya faru. Sau huɗu Pillars ta ci gasar ƙungiyoyin Nijeriya. A 2008 Kadiri Ikhana ne kocinta, mutumin jihar Edo. A 2012 da 2013 Muhammad Baba Ganaru ne, mutumin Barno. A 2014 kuwa Okey Emordi ne, shi ma daga Kudu ya zo. A 2009, shekarar da ƙungiyar ta fid da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka har ta kai wasan kusa da na ƙarshe, Ivo Sajh ne ke horad da ita, Bature daga ƙasar Sulobeniya. Sa'an nan a 2019 Ibrahim Musa, ɗan gida, ya ciwo mata kofin Aiteo a Kaduna, bayan an doke Niger Tornadoes da bugun fanareti. Ashe ke nan ɗan Kudu ya ci, ɗan Arewa ya ci, Bature ma ya taka rawar gani. Garin da mutum ya fito bai taɓa jefa ƙwallo a raga ba.

Akwai wani abin lura kuma. Ganaru ya tafi bayan kofi biyu a jere, Emordi ya zo, amma kofin bai bar Kano ba. Dalili kuwa shi ne sabon koci ya tarad da ƙungiya a tsaye, da 'yan wasa irin su Rabi'u Ali waɗanda suka daɗe tare, kowa ya san ƙafar ɗan'uwansa. Sauya koci a irin wannan hali kamar sauya direba ne a mota mai lafiya.

Shekarun baya-bayan nan dabam su ke. A 2020 aka ɗauko Lionel Soccoia, Bafaranshe. A 2021 Salisu Yusuf ya zo. A 2022 ƙungiyar ta faɗo daga babbar gasa. Evans Ogenyi ya maido ta a 2023, amma Abdu Maikaba aka ba aikin a kakar da ta biyo. A 2024 sai Usman Abdallah, a 2025 kuma aka koma ga Ogenyi. Waɗannan mutane ba jahilan ƙwallo ba ne. Usman Abdallah ma ya ci gasar ƙasa da Enyimba a 2019. Sai dai kowane koci ya kan zo da tsarinsa da 'yan wasan da ya ke so, kafin su saba da juna an sallame shi, wani ya zo ya soma daga tushe. Manomin da ke tone iri kowane mako don ya ga ko ya tsira, ba shi ganin kaka. Ga shi kuma ƙungiyar ta Gwamnatin Jihar Kano ce, ita ke naɗa shugabanninta, ita ke ba da kuɗi. In an sake shugabanni, sau da yawa koci ma ya kan bi su.

Yadda a ke neman kocin shi kansa abin dubawa ne, kuma ƙungiyar ƙasa, Super Eagles, ta ba da misali a 2024. Jose Peseiro, mutumin Fotugal, ya tafi bayan Kwaddebuwa ta ci Nijeriya 2 da 1 a wasan ƙarshe na kofin Afirka cikin watan Fabrairu. Sai a ƙarshen Afrilu aka naɗa Finidi George, ga wasannin neman shiga gasar kofin duniya sun ƙarato. Ya yi canjaras da Afirka ta Kudu, Benin ta ci shi, ya ajiye aiki a watan Yuni. A watan Agusta Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Nijeriya, ƙarƙashin Alhaji Ibrahim Musa Gusau, ta yi shelar ta ɗauki Bruno Labbadia na Jamus. Cikin 'yan kwanaki maganar ta rushe, Hukumar ta ce batun haraji ne ya hana. An yi shela ke nan tun ba a ƙulla yarjejeniya ba. Augustine Eguavoen ya riƙe na wucin gadi, har Janairun 2025 da aka naɗa Eric Chelle na ƙasar Mali. Makin da aka zubar a wancan tsakani yana cikin abin da ya hana Nijeriya zuwa gasar kofin duniya ta 2026.

Saboda haka damuwar magoya baya tana bisa hanya, gama da kuɗin jama'a a ke tafiyad da waɗannan ƙungiyoyi. Abin da ya cancanci a tambaya shi ne, an naɗa kocin da wuri, tun kafin a soma sayen 'yan wasa? Yana da takardar shaidar koyarwa ta hukumar ƙwallon Afirka, watau CAF? Shekara nawa aka rubuta masa, kuma za a biya shi da 'yan wasansa a kan kari? Haka ya kamata samarin unguwa a Isa ko Sabon Birni su yi in za su zaɓi mai horad da ƙungiyarsu: a yanke masa wa'adi a gaban dattawa, a bar shi ya cika shi.

Amma fa fushi yana da tsada. A watan Afrilun 2022 aka farfasa motar Katsina United bayan wasa a Kano, hukumar gasa ta ci Pillars tara, ta zabtare mata maki uku, a shekarar da ta ke matuƙar bukatar kowane maki. A watan Oktoban 2025 'yan kallo suka sake kutsawa fili bayan wasa da Shooting Stars ta Ibadan. Aka sake cire maki uku, aka ɗora tara, aka kuma mai da wasanninta na gida Katsina, masu sayen tikiti a Kano suka koma sauraron rediyo kamar mutanen Gobir.