Bango Tsakanin Maƙwabta

Na ga wasu sun sunkuyar da kai da aka karanta batun laccar nan. Ku ɗan yi haƙuri da ni, maganar tawa a kan bango take.

A 1958 Japanawa sun sayi tikitin silima fiye da biliyan ɗaya. Da talabijin ta shiga gidaje, 'yan kallo suka watse, sai ƙananan kamfanoni suka koma sayar da abin da talabijin ba ta isa ta nuna ba, wato tsiraici. Suna kiransa pinku eiga: fim na awa guda, kuɗinsa wajen yen miliyan 3, a gama ɗauka cikin mako. Mai kuɗi ba ruwansa da labari muddin an saka masa abin da ya biya. Ta wannan kafa Wakamatsu Koji ya shigo, ɗan ƙauye daga Miyagi wanda ya yi yaron 'yan daban yakuza a Tokiyo har ya ɗanɗana gidan yari.

Fim ɗinsa na 1965, Kabe no Naka no Himegoto, wato asirin cikin bango, a danchi yake, jerin benayen kankare da aka gina wa ma'aikata, kowace ƙofa kamar 'yar'uwarta. Wani saurayi da aka kulle da littattafan jarrabawa yana leƙen maƙwabta da madubin hangen nesa. Wadda yake leƙe matar aure ce mai tsohon masoyi ɗauke da tabon bam ɗin Hiroshima, ɗan gwagwarmaya a da, yanzu mai cin ribar hannun jari. Ba sallama, ba gaisuwa, sai ido. Ranar da yaron ya ƙwanƙwasa ƙofarta, ajalinta ya kawo. Da aka nuna fim ɗin a bikin finafinai na Balin, a gida aka ce ya zubar da mutuncin ƙasa.

Marubucin Wakamatsu, Adachi Masao, ya wuce nan. A 1968 Nagayama Norio, ɗan shekara 19, ya harbe mutum huɗu da bindigar da ya sato daga sansanin sojan Amurka na Yokosuka. Adachi da abokansa suka bi sawunsa tun daga Abashiri inda aka haife shi, suka ɗauki tashoshin jirgi, tituna da shaguna kawai. Babu jini, babu ɗan wasa. Abin da suka gani shi ne duk garuruwan sun koma kamanni ɗaya, yaron bai da inda zai gudu.

Inda na raba gari da su shi ne mata. Namiji ke cikin ƙunci, amma kullum mace ke biya. A Okasareta Hakui na 1967, wanda Wakamatsu ya ɗauko daga kisan ma'aikatan jinya takwas a Cikago, kyamara ta daɗe tana tausaya wa makashin. Su kuwa matan, ɗaya bayan ɗaya ake kwantar da su, kuma don a gan su tsirara aka sayi tikitin.