Hanyar Yanke a Cikin Kwamfuta



A garinmu Likoro, wanda ya bi yanke ta gonakin rake ya san inda zai ɓullo. A baƙin allon Linux kuwa sai an lura. Yanken da umurnin ln -s ke kafawa, wanda ya bazu daga Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley a 1983, ba jakar fayiloli ba ne, nuni ne kawai zuwa wata jakar. In kun shiga da cd, sai pwd ya nuna sunan yanken, alhali kuwa kuna cikin jakar asali. Ni kaina na zaci kwafi ce, na share babi biyu na kundin bincikena. Saboda haka kafin ku share kome, ku buga pwd -P, ku ga ainihin inda kuke tsaye.