Baƙin da ke ƙetare iyaka ba takarda

Yau hirar tamu kan tsuntsaye ce, kuma kada wani ya ce wannan zancen yara masu danƙo ne, domin akwai dukiyarku a ciki.

Daga nan unguwar Mursal, in ka gangara bakin kogin Shari da sassafe a watannin sanyi, za ka tarar da ƙananan tsuntsaye suna kiwo a kan yashi. Da yawansu baƙi ne daga Turai. Can arewacin Sikotilan akwai tsibiran Shetlan, ƙasar iska da fadamu da duwatsu masu tsayi a gaɓar teku. Mutane na biyan kuɗin jirgi su je can da madubin hangen nesa don kallon tsuntsu kawai. A tsibirin Fair Isle, tun 1948 ake kama tsuntsaye a sa musu zobe a ƙafa a sake su, don a san inda suke zuwa.

To ina suke zuwa? Wasunsu wajenmu. Akwai wani ɗan tsuntsu mai farin gindi da ke tsayawa kan suri ko dutse yana kaɗa wutsiya. Nauyinsa kamar giram 25 ne, amma a irin waɗancan tsibirai yake ƙyanƙyasa, ya ƙetare teku da Sahara, ya yi rani a yankinmu. Agwagin ruwa na Turai kuwa tafkin Chadi suke sauka, da tafkin Fitiri, da fadamar Haɗeja da Nguru. Saboda irin wannan ne aka sa Fitiri cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare fadamu a 1990.

Malam makiyayi, kai ba sai an koya maka kallon tsuntsu ba. In ka ga shamuwa ta sauka a kan kuka, ka san damina ta ƙarato. Balbela na bin sawun shanunka, carki na cire musu kaska. Ungulu kuma, ai an ce ba ta jewar banza: in tana shawagi, akwai mushe a ƙasa.

Amma ku tambayi kanku: yaushe rabon ku ga ungulaye sun cika mahauta kamar da? A 2015 hukumar kare halittu ta duniya ta sa nau'i huɗu na ungulun Afirka cikin waɗanda ke dab da ƙarewa. Dalilai biyu sun shafe mu kai tsaye. Na farko, guba. Kura ta kashe maraƙi, ran mutum ya ɓaci, ya barbaɗa maganin ƙwari a kan mushen. Kurar ɗaya ce, ungulayen da za su mutu kuwa sai su kai gomomi. Na biyu, fataucin kawunansu da ƙafafunsu zuwa kasuwannin magani.

Indiya ta ɗanɗana wannan. Wani maganin ciwon jiki da ake yi wa shanu ya kashe fiye da kashi 90 cikin 100 na ungulayensu, sai da aka hana ba dabbobi shi a 2006. Mushe ya riƙa ruɓewa a fili, karnukan da ba su da mai su suka yawaita, haukan kare ya ƙaru.

Don haka ga roƙona. Alhaji direba, in an ba ka buhu a Kuseri ko Gamboru ka ƙetara da shi, ka san abin da ke ciki. Tsuntsun daji ba takarda kayan kamu ne a wajen duwan. In ka tarar da tsuntsaye sun mutu da yawa a bakin ruwa, kada ka taɓa, kada ka bari yara su kai gida, ka sanar da likitan dabbobi. Ku tuna murar tsuntsaye da ta ɓulla a jihar Kaduna a 2006. In kuwa ka ga zobe a ƙafar tsuntsu, ka rubuta lambar da wurin da ranar, ka miƙa wa ma'aikatan gandun daji. Wani na can yana jiran labarin.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare garke da hanya. Sai mun sake saduwa, a huta lafiya.