Echeveria a Tukunyar Gida: Ruwa, Rana da Launi



An ce in yi magana a kan wani ɗan tsiro da kuke gani a wurin masu sayar da fulawa na bakin titi, mai ganye kakkaura da ke jeruwa zagaye-zagaye, wani shuɗi-shuɗi, wani mai jan baki, wani ruwan hoda. Sunansa Echeveria. Abin da nake so ku tafi da shi yau shi ne, yawancin waɗanda ke mutuwa a gidajenmu yawan ban ruwa da ƙarancin rana ne ke kashe su, kuma dalilin haka yana can ƙasar da tsiron ya fito.

Asalinsa Meziko ne, da wasu ƙasashen Amurka ta Tsakiya har zuwa arewa maso yammacin Amurka ta Kudu, kuma irinsa ya kai wajen 150. Masanin tsirrai Augustin de Candolle, mutumin Suwizalan, shi ya raɗa masa suna a 1828, don karrama Atanasio Echeverría, mai zanen tsirrai ɗan Meziko da ya bi tawagar binciken da Sarkin Sifen ya tura ƙasar a ƙarshen ƙarni na 18. Da yawa daga cikinsu a tsaunuka suke fitowa, a tsagar dutse, inda ƙasa 'yar kaɗan ce, ruwan sama na zuba ya gangare nan take, rana ta yi ƙarfi, dare kuma ya yi sanyi. Duk wanda ya riƙe wannan hoton a ransa ya samu rabin darasin.

Tsiron da ke zaune a irin wannan wuri dole ya iya tattalin ruwa. Yawancin tsirrai suna buɗe ƙananan ƙofofin ganyensu da rana su shaƙi iska, ruwa kuma na fita ta nan. Echeveria da danginsa sai su rufe ƙofofin da rana, su buɗe da dare idan gari ya yi sanyi, su adana iskar kabon a cikin wani sinadari mai tsami, washegari su yi amfani da ita wajen haɗa abinci da hasken rana. Masana suna kiran wannan tsari CAM, daga sunan dangin, wato Crassulaceae. Abarba da alobera ma haka suke yi. Shi kuma ganyen nan mai kauri rumbu ne, ruwa ne cike a cikinsa. To, idan aka zo ana zuba masa ruwa safe da yamma yadda ake yi wa alayyafo, saiwarsa na zaune cikin laima ba iska, sai ta ruɓe. Za ka ga ganyen ƙasa ya yi rawaya, ya yi laushi, haske na ratsa shi, ka taɓa ya faɗo. Ka duba gindin, ya yi baƙi. A lokacin da ido ya ga haka, sau da yawa aikin gama ya gama.

Saboda haka a fara da tukunya. Ta ƙasa, irin wadda magina ke yi, ta fi ta roba nesa ba kusa ba, domin jikinta na fitar da laima. Lallai a huda gindinta. A haɗa ƙasar shuka da yashi mai kaushi da ƙananan tsakuwa, kusan rabi da rabi, a guji ƙasar fadama mai danƙo. Wajen ban ruwa, a zuba sosai a gindi har ya ɗigo ta ƙasa, sannan a ƙyale shi sai ƙasar ta bushe ƙarƙaf. A cusa tsinke har ƙasan tukunyar. In ya fito da danshi, a dakata. Kada ruwa ya kwanta a tsakiyar ganyen.

Sai maganar launi, wadda ita ce ta sa mutane ke sayensa. Jan da kuke gani a bakin ganye wani sinadari ne da tsiron ke yi don kare kansa daga zafin haske, kuma sanyin dare da ɗan ƙishi na ƙara fito da shi. Mutum ya saya ja-jawur, ya kai falo ya ɗora kan tebur nesa da taga, bayan 'yan makonni ya ga ya koma kore, ya yi tsawo, ganyen sun warwatsu, karan ya karkata wajen haske. Wannan ya fi komai ba ni takaici, domin tsiron da ya miƙe haka ba ya sake dunƙulewa. Sai dai a yanke kan, a bar shi ya sha iska 'yan kwanaki, a sake dasawa. Wurinsa bakin taga mai kallon gabas ne, ko baranda inda hantsi ke duka.

Akwai kuma farin gari da ke kan ganyen wasu, mai kama da ƙura. Wani kaki ne da ke kare ganyen daga rana, yana kuma sa ruwa ya zame. Don Allah a daina gogewa da tsumma. Inda yatsa ya taɓa, tabon na nan har ganyen ya tsufa. Ƙurar hunturu kuwa, hurawa kawai ake yi.

Yanayinmu na buƙatar a yi hattara. Hunturu shi ne lokacin da tsiron ya fi jin daɗi, iska a bushe, dare da sanyi, launi ya fito fes. Bazara ce mai wuya: a Kano ko Sakkwato, inda zafin Afrilu kan kai digiri 40, ranar azahar na ƙona ganyen ta bar masa tabo, don haka a matsar da shi inuwa mai haske kafin rana ta take. Da damina, musamman watan Agusta, a shigar da shi ƙarƙashin rumfa, a rage ban ruwa ƙwarai. Mutanen Jos, da tudunsu ya kai wajen mita 1,200, sun fi mu sa'a, domin sanyin darensu ya yi kusa da abin da tsiron ya saba.

Babban maƙiyinsa wani farin ƙwaro ne da ke laɓewa a tsakanin ganye, ka ɗauka ɓurɓushin auduga ne. A tsoma auduga a sifirit a ɗauke shi, a kuma riƙa cire busassun ganyen ƙasa inda yake ɓuya.

Ƙara yawansa ba ya cin ko kwabo. A murɗe lafiyayyen ganye daga gindi a hankali yadda zai fita gaba ɗaya, a ajiye shi a inuwa kwana biyu ko uku har bakin ya bushe, sannan a kwantar da shi a kan busasshiyar ƙasa ba tare da an binne ba. Cikin 'yan makonni za a ga saiwoyi sirara masu ruwan hoda sun leƙo, sai ɗan ƙaramin tsiro a gindin ganyen. Kada a cire uwar ganyen, ruwanta ɗan ke sha. A bari sai ta yanƙwane da kanta, sannan a fara ɗan ban ruwa. Ba kowane ganye ke kamawa ba, shi ya sa ake kwantar da biyar ko shida lokaci guda.