Kafin mu ce a ba mu 'yan sandan jiha: abin da ya faru a majalisar birnin Ostin

Ranka ya daɗe shugaban taro, dattawan tafiya, iyayenmu mata, da ku matasa da kuka tsaya a baya saboda kujeru sun ƙare, ina gaishe ku gaba ɗaya.

An ce in yi magana a kan 'yan sandan jihohi. To, zan yi, amma ta bayan gida zan shigo. Zan ɗauke ku zuwa wani birni a Amurka inda majalisar gari ce ke biyan 'yan sanda, mu ga yadda ake cinikin, sannan mu dawo gida.

Birnin shi ne Ostin, hedikwatar jihar Tekzas, mai mutum kusan miliyan ɗaya. A Amurka babu rundunar 'yan sanda guda ɗaya irin tamu mai sufeto janar a sama. Hukumomin 'yan sanda sun kai kimanin 18,000, kusan kowane birni da nasa. Majalisar Ostin mutum 11 ce: magajin gari da kansiloli 10. Su ke ɗaukar manajan birni, su ke amincewa da kasafin kuɗi. 'Yan sandan birnin kuma suna da ƙungiyar ƙwadago. Duk bayan 'yan shekaru, wakilan manaja da wakilan ƙungiya sukan zauna su yi wata da watanni suna ja-in-ja, su fito da yarjejeniya, 'yan sanda su kaɗa mata ƙuri'a, sannan a kai ta gaban kansiloli su ce e ko a'a.

Idan aka ce yarjejeniyar ƙwadago, abin da zai zo muku a rai shi ne albashi da alawus da kuɗin aikin dare. Suna ciki. Amma ku buɗe shafukan tsakiya, inda idon mai karatu ya riga ya gaji. Nan ake rubuta yadda za a hukunta ɗan sandan da ya yi laifi, wa zai bincike shi, cikin kwana nawa, wa zai ga takardun. Wani malamin shari'a, Stephen Rushin, ya tattara irin waɗannan yarjejeniyoyi guda 178 ya wallafa bincikensa a 2017, ya samu kusan kashi 88 cikin ɗari suna ɗauke da aƙalla sharaɗi ɗaya da ke iya hana a hukunta mai laifi. A shekarar dai, jaridar Washington Post ta ƙirga 'yan sanda 1,881 da manyan birane suka kora tun daga 2006, ta samu 451 an dawo da su bakin aiki bayan sun ɗaukaka ƙara. Wato kusan ɗaya cikin huɗu.

Me ya sa kansiloli ke yarda da haka? Saboda arha ne. Ƙarin albashi yana bayyana a kasafin kuɗi, kowa zai gani, mai biyan haraji zai yi ƙorafi. Amma ka ce wa ƙungiya, ba mu da kuɗin da kuke nema, sai dai za mu sassauta muku wajen bincike, wannan ba ya cin ko sisi a ranar da aka sa hannu. Daga baya ake biya, kuma ba kansila ke biya ba.

Ga misali. A watan Yunin 2015 wani ɗan sanda ya tsayar da wata malamar firamare baƙar fata, Breaion King, saboda gudun mota. Ya fizgo ta daga motarta ya yi ta maka ta da ƙasa. Kyamarar motar 'yan sanda ta ɗauki komai. Amma hoton bai fito fili ba sai Yulin 2016, bayan fiye da shekara. Shugaban 'yan sandan birnin na lokacin, Art Acevedo, ya fito ya ba ta haƙuri a bainar jama'a, amma dakatarwa ko kora a kan wannan laifin ta gagara. Akwai ƙa'idar da ta ce hukunci sai cikin kwana 180 daga ranar da abin ya faru. Ku lura da kyau: daga ranar da ya faru, ba ranar da aka gano ba. Duk wanda ya iya danne magana wata shida ya sha. A ƙarshe birnin ya biya ta diyyar dala 425,000, daga aljihun jama'a.

Wannan ƙa'idar tana cikin dokar jihar Tekzas, amma dokar ta ba birni da ƙungiya damar su sauya ta a yarjejeniya idan sun amince. Haka ma wani fayil ɗin sirri da ake kira fayil ɗin G, inda ake zuba ƙorafe-ƙorafen da ba su kai ga hukunci ba, babu mai gani daga waje. Shi ya sa ranar sabunta yarjejeniya take da nauyi. Ita ce ranar da 'yan sanda ke neman wani abu a hannun jama'a, jama'a kuma za su iya cewa sai kun ba mu kaza.

Ranar 13 ga Disamban 2017 aka kawo wa majalisa sabuwar yarjejeniya ta shekara biyar, mai ƙarin kuɗi kimanin dala miliyan 80. A al'ada irin wannan takarda wucewa take yi salin-alin. Rannan zauren ya cika maƙil. Mutane suka yi layi, kowa da mintunansa a gaban makirufo, har tsakar dare ana yi. Kuma ba ihu suka zo yi ba, sun karanta takardar, suna kiran sashe da lambarsa. Majalisa gaba ɗayanta ta ƙi amincewa, ta ce a koma teburi.

Kada ku ɗauka daga nan sai tafi da guɗa. Ƙungiyar ta ƙi yarda a tsawaita tsohuwar yarjejeniya, ta ƙare a ƙarshen watan. 'Yan sanda suka rasa wasu alawus na ɗan lokaci, da dama suka yi ritaya da wuri. Birnin ma ya ji a jikinsa, don kwamitin farar hula da ke duba ƙorafe-ƙorafe a cikin yarjejeniyar yake rayuwa, da ta mutu shi ma ya tsaya. Ƙarin girma ya koma tsohon tsarin jiha na jarrabawar takarda. Dokar Tekzas ta hana ma'aikatan gwamnati yajin aiki, don haka babu wanda ya ajiye kaki. Kowane ɓangare dai ya zauna yana jiran wanda zai fara gajiya.

Wata 11 aka yi a haka. A Nuwamban 2018 aka dawo da wata ta shekara huɗu, kuɗinta kimanin dala miliyan 45, kusan rabin na farko. Aka kafa ofishin sa ido a kan 'yan sanda. Aka yarda mutum ya shigar da ƙorafi ta intanet ba tare da ya faɗi sunansa ba, wanda duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban kanta a caji ofis ya san darajar wannan. Aka gyara lissafin kwana 180 ga laifuffukan da suka kai na kotu, ya fara daga ranar da manya suka sani. Majalisa ta amince baki ɗaya.

Sai kuma aka ga cewa sa hannu ba shi ne ƙarshe ba. Ƙungiyar ta kai ƙarar sabon ofishin gaban mai sasanci, ta ce ya wuce gona da iri. A Disamban 2021 mai sasanci ya ba ƙungiya gaskiya, ya ce yarjejeniya ba ta ba ofishin ikon gudanar da bincike ba. 'Yan kalmomi kaɗan a takarda suka cire masa haƙora.

A nan masu fafutuka suka yi dabara. Suka ce tunda duk abin da aka sa a yarjejeniya ana iya sayar da shi a ciniki na gaba, bari mu mai da shi dokar birni. Suka tara sa hannun mutum sama da 20,000 da doka ta nema don a yi ƙuri'ar raba gardama. Kwatsam sai ga wata ƙungiya, wadda kusan duk kuɗinta daga ƙungiyar 'yan sanda ya fito, ta kawo tata takardar mai suna iri ɗaya sak, amma an zare mata laka. Mu 'yan siyasa wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, mun sha ganin an buga fosta da tambarinmu an manna hoton wani. Ana cikin haka, a Fabrairun 2023, manajan birni Spencer Cronk ya sanar cewa ya daidaita da ƙungiya a kan yarjejeniyar shekara huɗu, alhali kansiloli da yawa na son ta shekara ɗaya don a jira hukuncin masu zaɓe. Ga kuma fushin yadda ya tafiyar da ɗaukewar lantarki lokacin wata guguwar ƙanƙara. Ranar 15 ga watan suka sallame shi. A watan Mayu aka yi zaɓe: kusan mutum huɗu cikin biyar suka zaɓi takardar gaskiya, kusan adadin nan kuma suka yi watsi da ta jabu.

Duk da haka sai da aka je kotu kafin a aiwatar. A Agustan 2024 alƙali ta yanke cewa birnin ya daina ajiye fayil ɗin sirri. A Oktoban 2024 majalisa ta amince da yarjejeniyar shekara biyar, ta kimanin dala miliyan 218, ƙarin albashi kashi 28 cikin ɗari. Mutum 10 suka ce e, kansila ɗaya, Zo Qadri, ya ce a'a. Har gobe akwai masu cewa an sayi sa ido da tsada, kuɗin da za a yi wa talaka gidaje da asibiti ne aka zuba. Ni a ganina suna da hujja. Amma aƙalla an san nawa aka biya, an san me aka saya, an san wanda ya ɗaga hannu.

To, mu dawo gida. Wani zai ce me ya haɗa mu da wannan, tunda ɗan sandan Najeriya ba shi da ƙungiya? Gaskiya ne, dokar ƙungiyoyin ƙwadago ta hana shi. Sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 kuma ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce tak a ƙasa. Amma rashin teburin ciniki bai hana ciniki ba. A Fabrairun 2002 ƙananan 'yan sanda suka tafi yajin aiki a kan haƙƙoƙinsu, ba da daɗewa ba sufeto janar Musiliu Smith ya rasa kujerarsa. A 2025 mun ga tsofaffin 'yan sanda suna zanga-zanga a Abuja a kan fansho. Kuma tsakani da Allah, akwai wata yarjejeniya da ba a rubuta ba wadda kowa ya sani: ba za mu biya ka abin da zai riƙe ka ba, mu kuma ba za mu tambaye ka abin da ka karɓa a shingen hanya ba. Cinikin nan na arha ne da na faɗa muku, sai dai namu direban tasi da ɗan acaɓa ke biya kullum.

Kada a fahimce ni baibai. Kurtun ɗan sanda ɗan talaka ne, ƙanenmu ne, yana kwana a daji da bindigar da ba ta kai ta ɗan fashi ba. Ya cancanci albashi mai kyau, da inshora, da kariya daga ogan da zai kore shi don ya ƙi aikata zalunci. Wannan kariyar ma ita ce asalin dalilin da ya sa ake rubuta irin waɗancan sharuɗɗa, kafin su zama mafakar masu laifi.

Tun Fabrairun 2024 da shugaban ƙasa da gwamnoni suka amince a duba batun 'yan sandan jihohi, muhawararmu a shafukan nan ba ta wuce abu biyu ba. Wanda yake ganin nasa ne a kujera yana cewa a kawo. Wanda yake adawa yana cewa za a yi mana amfani da su ranar zaɓe. Tsoron yana da tushe. Dattawan da ke zaune a gaba sun san abin da 'yan dokan En'e suka yi wa 'yan NEPU kafin a narkar da su cikin rundunar tarayya a ƙarshen shekarun 1960. Amma ku duba, jihohi ba su jira gyaran tsarin mulki ba. Katsina ta ƙaddamar da dakarun tsaron al'umma a Oktoban 2023, Zamfara ta fito da Askarawa a Janairun 2024. Ana ɗaukar matasa, ana ba su kaki da makami. A cikinmu nan wa ya karanta dokar da ta kafa irin wannan runduna a jiharsa? Idan ɗaya daga cikinsu ya harbe yaro bisa kuskure a ƙauye, uwar yaron wace ƙofa za ta ƙwanƙwasa? Wanda zai karɓi ƙorafin, gwamna ne ya naɗa shi, kuma gwamna na iya cire shi gobe? Sakamakon bincike za a buga shi, ko zai shiga durowa kamar rahotannin kwamitocin da aka kafa bayan zanga-zangar SARS a 2020? Wanda aka kora a wannan jiha, me zai hana maƙwabciya ta ɗauke shi?

Shawarata ga shugabannin tafiya ita ce, matsayar da za mu fitar kada ta tsaya a e ko a'a. Mu rubuta sharuɗɗanmu tun yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya. Hukumar karɓar ƙorafi ta kasance a cikin doka, da kasonta na kuɗi, ba a hannun wanda take sa wa ido ba. Wa'adin hukunci ya fara daga ranar da aka gano laifi. Albashi da fansho su zama wajibi na farko a asusun jiha, don mun ga jihohin da malaman firamare suka yi watanni ba albashi, kuma malami alli yake riƙewa, wannan bindiga ce. Kuma sharuɗɗan su zama waɗanda za mu yarda da su ko da ɗaya ɓangaren ne ke mulki, don wallahi wata rana su ne.

Ga 'yan majalisar jiha da kansilolinmu da ke wurin nan, ina roƙo da girmamawa: duk ranar da irin wannan ƙuduri ya zo gabanku, ku nemi a ba ku kwafi kafin ranar zama, ku turo wa masu kula da wannan shafi su ɗora, sashe-sashe, da Hausa. Lauyoyinmu biyu-uku ne za su zauna su fassara. Ku nemi a yi zaman jin ra'ayin jama'a, ku sanar da mu rana da wuri, mu za mu kawo mutane da takarda a hannu.

Shugaba ya ɗaga mini hannu, lokaci ya yi. Akwai tambayoyi, na ga Hajiya a layi na biyu tun ɗazu tana rubutu. Bismillah, Hajiya.