Kacici-kacici: Daga Dandali Zuwa Wayar Hannu



Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba wani wasa da mutane ke ɗauka na yara ne kawai, watau kacici-kacici, da halin da ya shiga a ƙasar Gusau, Tsafe da Bunguɗu.

A da can, bayan an yi sallar lisha an ci tuwo, yara sukan taru a tsakar gida ko a dandali, musamman in akwai farin wata. Kafin a shiga tatsuniya akan fara da kacici-kacici. Wani ya ce, "Baba na ɗaka, gemu na waje." Mai kaifin basira ya ce wuta da hayaƙi. Wata ta ce, "Shanun gidanmu dubu, maɗaurinsu ɗaya." A ce tsintsiya. In kuwa amsa ta gagara, sai an ba mai tambaya gari kafin ya faɗa. A ba shi Kwatarkwashi ya ce ta yi masa kaɗan, a ƙara masa da Ƙaura, ko ma Sakkwato, sannan ya yarda.

Idan aka lura, wannan wasa makaranta ce. Yana koya wa yaro ya dubi abin da ke gabansa kullum da sabon ido, ya iya siffantawa, ya iya haƙuri in an kayar da shi. Ba da gari kuma yana sanar da shi sunayen garuruwa da darajar kowanne.

To, yau ina dandalin? Tun kafin a ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996, rediyo da talbijin sun fara rage masa armashi. Daga baya ɓarnar 'yan bindiga ta hana hirar dare a ƙauyuka da dama, ta kuma tarwatsa zuriyoyi. Sai ka tarar kaka tana Tsafe, ɗanta yana aiki a Gusau, jikoki suna karatu a Zariya ko Kano.

A nan ne waya ta shigo. Wayar hannu ta yaɗu a Nijeriya daga 2001, WhatsApp kuma ya kawo kira mai nuna fuska a 2016. Da annobar korona ta tsare mutane a gida a 2020, abokai a duniya suka koma wasannin cankar kalma ta Zoom da makamantansa: ɗaya ya siffanta abu ba tare da ya ambaci sunansa ba, saura su canka. Wanda ya san kacici-kacici ya san wannan ba baƙo ba ne.

Amma akwai abubuwa biyu da ya kamata a yi hattara da su. Na farko, yawancin waɗannan wasanni da Turanci aka shirya su, kuma tsara da tsara ke yinsu. Babu kaka a ciki, babu ƙane. Alhali kuwa amfanin kacici-kacici shi ne babba ya miƙa wa ƙarami harshe. Na biyu, dandalin waya aro ne. A watan Satumba na 2021 aka rufe layukan waya a Zamfara saboda tsaro, aka yi makonni ba kira ba saƙo. Abin da ke cikin ka shi ne bai yanke ba.

Saboda haka nauyi yana kan masu sauraron wannan lacca. Ma'aikacin da ya kira gida, kada ya tsaya ga gaisuwa. Ya haɗa tsohuwa da jikokinta, ta jefa musu tambaya, su ba ta gari. Ɗalibi kuma ya rubuta abin da ya ji daga bakin tsofaffi, ya ƙago sababbi a kan babur, caja da janareto, domin yaron birni bai cika ganin rumbu ko murhu ba. Kuma in za a ba da gari, a riƙa tunawa da ƙauyukan da aka baro, don kada sunayensu su ɓace daga bakin yara.

Allah ya maido da zaman lafiya, ya raya dandali.